Waiwaye: Ina ɗaliba take kai ƙara idan malami ya neme ta?

Wannan magana ta malamai masu neman ɗalibai da maki ba yau ta fara ba, duk wanda ya yi jami'a a ƙasar nan ya san ana raɗe-raɗinta a hostel da bakin ajin lakca, wane kar ki shiga ofishinsa ke kaɗai, wane sai kin tafi da ƙawa. Abin da ya daɗe babu shi ne ƙofar da yarinya za ta ƙwanƙwasa a saurare ta ba tare da ta rasa karatunta ba.

A tsarin da muka gada, ƙorafi yana farawa ne daga shugaban sashe, ya wuce wajen shugaban tsangaya, in ya yi nisa a kafa kwamiti, sannan majalisar gudanarwar jami'a ta yanke hukunci. To su waye a kwamitin? Abokan aikin wanda ake ƙara, waɗanda suke sallah sahu ɗaya, suke zuwa sunan 'ya'yan juna. Ita kuwa takardar jarrabawarta tana hannunsa, wani lokacin ma shi ne mai duba mata furojet ɗin shekarar ƙarshe. Wallahi ko ni ce sai na yi tunani sau goma kafin na buɗe baki.

Shi ya sa in ka duba, kusan duk shari'ar da ta yi ƙarfi sai da maganar ta fita waje tukuna. A 2018 aka saki rikodin ɗin muryar Farfesa Richard Akindele na jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife yana ciniki da ɗalibarsa a waya kan maki, jami'ar ta kore shi, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta kai shi kotu a Osogbo, a watan Disamban shekarar aka ɗaure shi shekara biyu. Ku lura, da dokar cin hanci aka kama shi, wato amfani da kujera don biyan buƙatar kai, don babu wata doka ta musamman kan malami da ɗaliba. A Oktoban 2019 kuma BBC ta fitar da binciken da Kiki Mordi ta jagoranta da ɓoyayyiyar kyamara a jami'ar Legas da jami'ar Ghana, nan take aka dakatar da malaman da aka nuna. A 2023 ɗaliban koyon lauya a jami'ar Kalaba suka fito da kwalaye kan shugaban tsangayarsu Cyril Ndifon, aka dakatar da shi, ICPC ta gurfanar da shi. Rikodin, kyamara, zanga-zanga. Wadda ba ta da ko ɗaya fa?

Majalisa ma ta taɓa maganar. Sanata Ovie Omo-Agege ya kawo ƙudirin hukunta malamai masu neman ɗalibai a 2016, majalisar dattawa ta amince, ya maƙale. Ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU ta ce an ware malamai ne kawai kuma ana taka 'yancin jami'o'i. Aka dawo da shi a 2019, dattawa suka sake amincewa a Yulin 2020 da ɗaurin da zai iya kai shekara 14, har Buhari ya sauka bai sa hannu ba.

Amurka ta riga mu shiga wannan rigima. Tun 1972 suka yi dokar da suke kira Title IX, wadda ta hana duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin mace da namiji, daga baya kotuna suka ce neman ɗaliba da cin zarafinta ma yana ciki. Dole kowace makaranta ta ajiye jami'i guda da aikinsa karɓar irin wannan ƙara. Su ma ba su huta ba, gwamnatin Obama ta tsaurara a 2011, ta Trump ta sauya a 2020 ta ce sai an zauna an yi wa kowane ɓangare tambayoyi don kar a zalunci wanda ake zargi. Amma dai akwai ofis, akwai wanda za a tuhuma in ya yi shiru, kuma akwai barazanar yanke kuɗi.

Mu a nan Kano matsalar ta fi haka nauyi. Yarinyar da aka sha fama kafin Baba ya yarda ta shiga jami'a, kullum tana hawa adaidaita daga Gwammaja ko Kurna zuwa lakca, in ta dawo ta ce malami ya neme ta, amsar da ta fi tsoro ita ce "to zauna a gida, dama ban so ba". Ga kunya, ga maganar wa zai aure ta, ga masu tambayar wane kaya ta sa, kamar ba a neman masu dogon hijabi. Lokacin da ArewaMeToo, gangamin matan Arewa masu bayyana cin zarafin da aka yi musu, ta taso a Twitter a farkon 2019 mun ga yadda aka yi wa matan da suka yi magana caa, zagi ya fi tausayi yawa. Dokar hana cin zarafin mutane ta VAPP ta 2015 ma Kano na cikin jihohin da suka fi jan ƙafa wajen karɓarta.

Akwai 'yar maƙociyarmu da ta maimaita kwas ɗaya sau biyu a wata makaranta, sai bayan ta gama ta faɗa wa mahaifiyarta dalili. Na tambaye ta, ke ko me ya hana ki kai ƙara? Ta ce, Anti wajen wa, shugaban sashen amininsa ne, a mota ɗaya suke zuwa aiki.