Ƙuduri Daban, Buri Daban

Ranar Litinin ɗin da ta wuce muna cikin motar haya daga Mararaba za mu shiga gari, mun tsaya cak a cunkoson Nyanya, direba ya ƙure rediyo. Shirin kiran waya ake yi, tambayar ranar kuwa ita ce: mene ne ƙudurinka na sabuwar shekara? Wani bawan Allah ya bugo daga Kubwa ya ce ƙudurinsa bana ya sayi mota, ya ƙarasa ginin da ya fara a garinsu, ya je Umara cikin azumi, in Allah ya hore kuma ya ƙara ta biyu. Mai gabatarwa ya ce, "To Alhaji, Allah ya cika buri." Duk motar aka amsa da amin. Ni ma na amsa, amma maganar ta tsaya mini a rai har muka sauka a Sakatariya. Da ƙuduri aka buɗe tambaya, da buri aka rufe addu'a, kuma babu kunnen da ya ji an goce. Addu'ar ce ta faɗi gaskiya, domin duk abin da mutumin nan ya jero buri ne, kuma buri halal ne. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ta sa wa buri rigar ƙuduri, har ta kai yaran da ke tasowa sun ɗauka abu ɗaya ne.

Mu da ke zaune a Abuja mun fi kowa shan wannan ruɗani, don kullum kalmar na fitowa daga Majalisar Tarayya. Ɗan majalisa ya miƙe ya yi kira ga gwamnati ta gyara hanyar mazaɓarsa, a buga guduma, da yamma ka ji an ce majalisa ta amince da ƙuduri. A kawo daftarin doka, shi ma ƙuduri. Alhali na farkon kira ne kawai, ɓangaren zartarwa na iya ji ya kau da kai. Na biyun sai ya bi karatu uku, ya tsallake majalisar dattawa mai kujeru 109 da ta wakilai mai 360, sannan a kai wa shugaban ƙasa, wanda tsarin mulkin 1999 ya ba kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Dokar man fetur tun 2008 aka fara kai ta majalisa, sai a Agustan 2021 Shugaba Buhari ya rattaba mata hannu. Mai sauraro a ƙauye da ya ji "an amince da ƙuduri" sai ya zauna jiran katafila, shekara ta zagayo bai ga ko tifar yashi ba. Daga nan yake koyon cewa ƙuduri magana ce da ake faɗa a watse. Wannan darasin ne muke ɗauka mu shigo da shi cikin rayuwarmu duk watan Janairu.

To, mu koma gida mu tambayi kalmar asalinta. Ƙuduri daga ƙudurawa yake, wato ƙullawa. Ka ƙudura igiya, ka ƙudure bakin buhu, mace ta ƙudure kuɗi a haɓar zani. Akwai wata mai kama da ita da muka aro daga Larabci, wadda ake nufi in an ce ƙudurar Ubangiji, ma'ana ikonsa. Wannan hanyarta daban. Tamu ta hannu ce da zare. Shi ya sa Bahaushe ke cewa ya ƙudura abu a ransa, ko ya ƙudiri aniya: ya kama niyyar da ke yawo ya ɗaure ta don kada ta zube.

Kakata, Allah ya jiƙanta, ƙulli uku take yi a zaninta, kuma a wurinta na fara fahimtar kalmar nan tun ban san ana rubuta ta ba. Ƙullin farko na cefane ne, sako-sako take yinsa, a wuni sai ta kwance shi sau goma. Na biyu na zubin adashi ne. Na ukun shi ne abin kallo. Sai ta naɗe 'yan murtalolinta ƙanana-ƙanana, ta tura su can ƙuryar haɓar, ta murɗa, ta ƙulla, ta sake ƙullawa, sannan ta sa haƙori ta ja har sai ƙullin ya yi tauri kamar ƙwallon dabino. Wannan kuɗin zumunci ne: kuɗin mota in an yi rasuwa a dangi, gudummawar biki, barkar haihuwa. In muka dame ta da roƙon kuɗin alewa, ta duba na cefane ta ga wayam, sai mu nuna na ukun mu ce, "Inna, ga wani nan." Sai ta dafe shi ta ce, "Wannan an riga an ƙudure shi, ba nawa ba ne." Kuɗin na jikinta, ita ta nemo su da sana'ar ƙuli-ƙuli, amma tun ranar da ta ƙulla ta cire su daga cikin abin da take da zaɓi a kai.

Duk ma'anar kalmar na cikin wannan ƙulli. Akwai abu takamaimai a cikinsa, wanda za a iya ƙirgawa. Ba a ƙulla iska. Kuma a hannunta yake. Motar mai kiran waya tana hannun farashin dala da albashi da rabo, shi ya sa addu'a ce ta dace da ita. In da ya ce duk wata zai ware kaza daga albashinsa kafin ya taɓa ko sisi, da ya ƙulla wani abu.

Sai kuma abin da na fi so a lura da shi: ƙulli yana cin zani. Duk wanda ya taɓa ɗaure kaya ya san igiya na raguwa da kowane ƙulli. Haɓar da Inna ta ƙulle ba ta sake rufe mata jiki ba, kuɗin da ke ciki bai sayi nama ba ko ranar da miya ta fito lami. Saboda haka in mutum ya ce mini ya yi ƙuduri, tambayata ɗaya ce: me ka bari saboda shi? In babu, to fata ne yake yi. Jerin abubuwa goma sha biyu da matasa ke liƙawa a WhatsApp daren 31 ga Disamba, daga koyon Faransanci zuwa rage tumbi, yawanci kwafowa aka yi daga shafin wani da ke rayuwa a wata ƙasa da wasu damuwoyi. Babu zanin da zai ɗauki ƙulli goma sha biyu ya kuma ɗauru a ƙugu.

A nan ne maganar aƙida ke shigowa, kuma abin ya burge ni ranar da na gane. Kalmar aƙida ma daga ƙulli take. Tushenta a Larabci shi ne ɗaurewa, tushen da suke kiran ƙulla ciniki da ɗaurin aure da shi. Yau in an ce aƙida hankalinmu na tafiya wajen Izala da Ɗariƙa, ko siyasar su Malam Aminu Kano ta zamanin NEPU. Amma ta fi haka faɗi: ita ce abin da zuciyarka ta riga ta ɗaure a kai cewa shi ne mai daraja. Inna ba ta taɓa zama ta rubuta cewa zumunci ne abu mafi girma a wurinta ba. Ƙullinta na uku ne ya faɗa. Ƙudurin da aka ɗaura a kan abin da mutum ya yarda da shi har zuci yakan kai Disamba, wanda kuwa aka ɗaura a kan ganin ido, kafin hunturu ya wuce ya warware. Masu cewa sabuwar shekarar Janairu ba tamu ba ce, sai ta Muharram, ban ja da su ba. Ƙulli bai san wata ba, kuma albashi da kuɗin makaranta da na haya duk da kalandar Miladiyya suke zuwa, shi ya sa lissafin ke faɗowa yanzu.

Akwai wani yayana, ɗan wan mahaifina, ma'aikaci a wata ma'aikatar tarayya, yana zaune a Masaka. Kafin a kira assalatu ya shirya, yana idar da sallah ya kama hanya, ba ya dawowa sai bayan isha'i, yara sun yi barci. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ya ƙara da yin kabu-kabu da motarsa Asabar da Lahadi. Kullum maganarsa tarbiyya, amma wata rana aka tambaye shi izu nawa babban ɗansa ya kai, ya rasa amsa. Bara ya yanke abu ɗaya tak: safiyar Asabar, daga asuba zuwa azahar, ba ta kabu-kabu ba ce. Shi zai kai su Islamiyya da ƙafarsa, in sun dawo ya zauna a tabarma ya riƙe Alƙur'ani su kawo hadda.

Na ce masa, "Yaya, safiyar Asabar fa ita ce kasuwar, ga haya na tafe."

Ya ce, "Na sani, ƙanena. Na lissafa abin da zan rasa kafin in ƙulla."

Ya rasa ɗin kuwa. Tayoyin da ya so canzawa tun damina har yau su ne a motar, kuma sai da ya nemi mai gidan haya ya ƙara masa wa'adin wata guda. Asabar ɗin da ta wuce na je gidan da hantsi, na tarar da motar a ƙofar gida ƙurar hunturu ta lulluɓe gilashinta, wayarsa na kife a kan taga tana ta ruri, fasinjojinsa na Wuse ne ke nema. Shi kuwa yana tsakar gida, ƙaramar 'yarsa ta maƙale a wata aya cikin Suratul Mulk, yana ja mata baki.