Manufofin gwamnati da yawan masu inshorar lafiya

Inshorar lafiya tsari ne da jama'a ke zuba kuɗi a asusu ɗaya, duk wanda ciwo ya kama a biya masa magani daga ciki. Yawan masu cin gajiyarta a ƙasa bai rataya ga arzikin ƙasar kaɗai ba, dokokin gwamnati ne ke faɗaɗa shi ko su taƙaita shi.

Tambayar farko ita ce ko shiga dole ce ko ganin dama. Inda aka bar wa kowa zaɓinsa, matasa masu ƙoshin lafiya kan noƙe, a bar tsofaffi da masu ciwon suga ko hawan jini. Sai kashe kuɗi ya ƙaru, kuɗin wata-wata ya tashi, wasu ma su fice. Jamus ta toshe wannan ɓaraka tun 1883, zamanin shugaban gwamnatinta Bismarck, da dokar da ta wajabta wa ma'aikatan masana'antu shiga, ma'aikaci da ubangidansa kowa na zuba kasonsa.

Sai dai tilas ba ta tasiri a kan wanda ba shi da albashin da za a cira, kamar manomi da mai sana'ar hannu, kuma a nan ne tsare-tsare da dama ke cijewa. Tailan ta warware matsalar a 2002 ta hanyar biya musu daga haraji. Ghana ma, a dokarta ta 2003, ta ɗora harajin kashi 2.5 cikin ɗari a kan kayayyaki domin asusun.

A Amurka aka fi ganin tasirin doka ƙarara. Kafin dokar 2010 da ake kira Obamacare, kusan kashi 16 cikin ɗari na jama'a ba su da inshora. Zuwa 2016 sun ragu zuwa kimanin kashi 9. Dokar ta hana kamfanoni ƙin karɓar mai tsohon ciwo, ta bar 'ya'ya a inshorar iyayensu har shekara 26, ta kuma faɗaɗa shirin Medicaid na marasa ƙarfi. Amma a 2012 Kotun Ƙoli ta bar wa jihohi zaɓin faɗaɗawar, kuma jihohin da suka ƙi, irin su Texas, sun fi yawan marasa inshora.

Cike takardu ma manufa ce, ko da yake ba a cika lissafa ta ba. Da aka koma tantance masu Medicaid a 2023, bayan sassaucin lokacin korona, an cire miliyoyin mutane, akasarinsu saboda takardun sabuntawa ba su kammala ba.