Hanyoyin keken dutse a arewacin Kamaru

Hanyoyin keken dutse a arewacin Kamaru su ne turbobin ƙafa, burtalai da hanyoyin burji da masu keke ke bi ta cikin daji da tuddai, daga kwarin kogin Binuwai zuwa duwatsun Mandara. Sun ratsa yankunan mulki biyu: Arewa, mai hedikwata a Garwa, da Arewa Mai Nisa, mai hedikwata a Marwa. Manoma da makiyaya da fatake ne suka tattake su tun kafin keke ya shigo ƙasar, kuma har yau su ne masu hanyar. Mai hawa don motsa jiki ko yawon buɗe ido baƙo ne a kanta.

Keken

Keken dutse yana da faffaɗar taya mai haƙora, da giya da yawa, da birki mai kamu sosai. Mutanen Kamaru da Cadi sun fi saninsa da sunan VTT, taƙaicen sunansa na Faransanci. Asalinsa gundumar Marin ce a jihar Kalifoniya ta Amurka, inda samari suka riƙa gangarowa daga tsaunuka a kan tsofaffin kekuna cikin shekarun 1970. Joe Breeze ya ƙera na musamman a 1977, kamfanin Specialized ya fitar da samfurin Stumpjumper a 1981, aka yi gasar duniya ta farko ƙarƙashin hukumar wasan keke ta duniya, UCI, a Durango a 1990, wasan ya shiga Olamfik a Atlanta a 1996.

A karkarar arewacin Kamaru keke abin neman abinci ne. Buhun dawa, itacen girki, jarkar ruwa da jarkar fetur duk a kariyarsa suke tafiya.

Asalin turbobin

Yawancin turbobin cikin duwatsu sun samo asali ne daga zaman da mutane suka yi a kan tudu. Mafa, Mofu, Kapsiki, Podoko, Daba da Fali sun daɗe suna zaune a bisa dutse, sun jera duwatsu hawa-hawa don tare ƙasa da ruwan sama, suna noman dawa da gero a kan matakalar. Turbar da ke haɗa gida da gona da rijiya kan bi gefen waɗannan jeri, shi ya sa take da ƙunci da yawan lanƙwasa. A kusa da Koza akwai kangayen gine-ginen dutse da ake kira Diy-Gid-Biy, waɗanda masana ke ƙiyasta an gina su tsakanin ƙarni na 12 da na 17. UNESCO ta sa su cikin jerin kayan tarihin duniya a 2025.

Tsoron farmakin masu kamen bayi ya ƙara manne mutane da tsaunuka. Daular Wandala da ke Mora ta matsa musu daga arewa, sannan bayan Modibbo Adama ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a wajajen 1809, lamidan Fulani suka kafu a filayen Garwa, Gidar da Marwa. Dawaki ba sa iya hawan tsauni, don haka mutanen dutse suka bar hanyoyinsu da tsauri da gangan. Hamman Yaji, sarkin Madagali, ya yi ta kai musu hari kafin a kama shi a 1927.

A fili kuwa, hanyoyin fatake ne. Hausawa da Barebari sun yi ta safarar kanwa, goro, tufafi da fatu a kan jakuna tsakanin Borno, Marwa, Garwa da Yola, suka kafa zango a manyan garuruwa. Unguwar Hausare da ke Garwa shaida ce ta wannan zama. Jamusawa sun ci Garwa a 1901, suka ci Marwa a 1902, kuma dakarunsu sun yi tsayin daka a kan dutsen Mora daga 1914 har zuwa Fabrairun 1916. Bayansu Faransawa suka faɗaɗa wasu turbobin don mota. Na baya-bayan nan su ne hanyoyin auduga: kamfanin Sodecoton, da aka kafa a 1974, yana gyara hanyoyin karkara don manyan motocinsa su kai ga wuraren awo. Su ne suka fi daɗin hawa, ko da yake daga watan Disamba mai keke zai sha ƙurar motocin auduga.

Figil da Bidzar

Dutsen farar ƙasa a wannan yanki ya fi yawa a kewayen Figil, cikin gundumar Mayo Luti, kimanin kilomita 90 daga Garwa a kan babbar hanyar Marwa. A Bidzar, arewa da Figil, dutsen ya rikiɗe ya zama mabul, wato farar ƙasar da zafi da nauyin ƙasa suka dafa tun fiye da shekara miliyan 500. Tuddan nan ba su da tsayi. Falalen dutse ne fari ko toka-toka da ke leƙowa tsakanin gonakin auduga, gyaɗa da dawa na Gidarawa.

Ruwan sama yana narkar da farar ƙasa a hankali, domin yana ɗauke da iskar da ke ba shi ɗan tsami. Sai ya bar tsagi da ramuka a fuskar dutsen, masu kaifin baki, waɗanda ke yanka gefen taya. Da rani dutsen yana riƙe taya da kyau. Idan ya jiƙe kuwa yana da santsi kamar sabulu, birki ba ya kama shi. Wannan ya bambanta shi da marmara, jan dutsen da ake zuba wa hanyoyin burji, wanda matsalarsa tsakuwa ce mai gangarawa a ƙarƙashin taya.

Albarkacin wannan dutse ne kamfanin siminti na CIMENCAM ya kafa masana'anta a Figil a farkon shekarun 1970, kuma ana gasa farar ƙasa a garin. Hanyoyin da ke zuwa wuraren fasa dutse na manyan motoci ne, farar ƙura ta rufe su, mai keke ya fi kyau ya kauce musu.

Abin da ya fi daraja a Bidzar shi ne zanen da mutanen dā suka sassaƙa a kan falalen. An ƙirga kusan siffofi 500, akasarinsu da'irori ne, wasu ɗaya cikin ɗaya, wasu a jere kamar sarƙa. Wani Bafaranshe mai suna Buisson ne ya fara ba da labarinsu a rubuce a 1933, daga baya masanin tarihin ƙasa Alain Marliac ya yi musu nazari mai zurfi. Shekarunsu ba su tsaya wuri ɗaya ba a bakin masana, ƙiyasin ya kama daga shekara 300 zuwa 3,000. Kamaru ta sa wurin cikin jerin da take neman UNESCO ta amince da shi a 2006. Fasa dutse ya riga ya ci wani ɓangare, kuma abin takaici ne a ce taya ta ƙara masa lahani. Wanda ya iso nan ya kamata ya jingine keke a gindin bishiya ya taka da ƙafa.

Kwazazzabon Kola

Kilomita kaɗan daga Gidar, kogin Mayo Luti ya huda baƙin dutse ya yi kwazazzabo mai zurfi. Kalmar mayo kogi take nufi da Fulatanci, hosere kuma dutse, kuma su biyun suna cikin sunayen wurare da yawa a nan. Da rani ake sauka ciki. Keke kan tsaya a baki.

Mandara

Duwatsun Mandara sun miƙe kusan kilomita 200 a kan iyakar Kamaru da Najeriya. Giranit ne da duwatsun aman wuta, babu farar ƙasa a tsakiyarsu. Mafi tsayi shi ne Upay, mita 1,494. Daga Marwa zuwa Mokolo kusan kilomita 80 ne, daga Mokolo kuma a yi kudu maso yamma wajen kilomita 50 zuwa Rumsiki, inda dogayen duwatsu ke tsaye kamar turaku, ragowar maƙogwaron tsaunukan da suka yi aman wuta. Hanyar tana bin bayan tudu, tana hawa tana sauka, iska kuma ta fi ta fili sanyi. Ta arewa, hanyar Mokolo zuwa Koza tana ratsa mashigin dutse ta ƙauyen Jingiliya, gangara mai tsawo da ke cin birki. Kasuwar Mokolo ranar Laraba take ci, kuma ranar hanyoyin kan cika da jakuna da mata masu kaya a ka.

Daji da ƙaya

Dajin nan busasshe ne, mai zubar da ganye da rani. A fili akwai kuka, tsamiya, gawo, kaɗanya da ɗorawa, a bakin ƙorama marke da maɗaci, a jikin dutse kuma hano da kukkuki. Gandun Mozogo-Gokoro, mai hekta 1,400 kusa da Koza, yana nuna yadda kurmin gindin Mandara yake kafin sara da kiwo. Shi da gandun Binuwai da na Waza duk a 1968 aka mai da su gandun ƙasa, kuma shigarsu sai da izini da ɗan rakiya.

Babban abokin gabar mai keke ƙaya ce. Aduwa, bagaruwa da magarya suna zubar da ita a kan turba, tsidau kuma yana shimfiɗe a ƙasa ba a ganinsa sai taya ta sace. Masu faci suna nan a kowace babbar kasuwa, har da ta Pitowa kusa da Garwa mai ci ranar Lahadi, kuma gwanaye ne a kan sarƙa da feda da sifoki. Kayan birkin mai da na sabbin giya kuwa sai matafiyi ya taho da abinsa. Yashin busasshen kogi ma yana tilasta sauka a tura.

Lokacin hawa

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne ya fi dacewa, lokacin hunturu, duk da hazo. A Maris da Afrilu zafin Garwa kan haura digiri 40, hawa sai daga asuba zuwa hantsi. Da damina, daga wajajen Yuni zuwa Satumba, baƙar lakar da Fulani ke kira karal, wadda ake dasa masakwa a kanta bayan ruwa ya ja, tana naɗe taya har ta daina juyawa, kogin da ya bushe kuma kan kawo ruwa cikin sa'a guda.

Al'adar hanya ita ce a yi sallama, a sauka idan an tarar da dattawa ko garken shanu, a gaida jauro ko lawan, wato mai gari, kafin a ratsa ƙauye. Fulatanci ne harshen kasuwa, amma Hausa tana fid da mutum a mafi yawan garuruwa.

Tsallaken Cadi

Gabas da Figil hanya ta nufi Lere a Cadi, ƙasar ƙabilar Mundang, inda akwai tafki mai ayu. Dutsen farar ƙasa ya sake fitowa a kusa da Pala, kuma da shi masana'antar siminti ta Baore ke aiki.

Tsaro da gasa

Sace wasu Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya kusa da Waza a Fabrairun 2013, da hare-haren Boko Haram da suka biyo baya, sun durƙusar da yawon buɗe ido a Arewa Mai Nisa, musamman a gundumomin Mayo Sanaga da Mayo Sava da ke bakin iyaka. A wasu sassan yankin Arewa ana fama da masu garkuwa da mutane. Gasar keke ta zagayen Kamaru da aka fara a 2003 ta kan kwalta ce.