Ɗan bayan jirgi a gasar kamun kifin bas

Ɗan bayan jirgi shi ne ɗan takarar da ke shiga gasar kamun kifin bas ba tare da jirgin kansa ba. Da ƙuri'a ake haɗa shi da wani mai jirgi, ya yini yana jefa fatsa daga dandamalin baya. A Amurka, inda al'adar ta samo asali, ana ce masa co-angler ko non-boater. Galibi ba da kamun kifi yake ci ba: ma'aikaci ne, ko ɗalibi, ko dattijon da ya ajiye aiki. Tuƙi da zaɓen wurin tsayawa duk na mai jirgi ne. Kifin da ɗan baya ya kama kuwa nasa ne, daban ake auna shi, kuma da 'yan'uwansa na baya yake takara, ba da wanda ya ɗauko shi ba.

Bas kifin tafki da kogi ne na Arewacin Amurka, daga jinsin Micropterus. Iri uku aka fi aunawa a gasa: mai babban baki, mai ƙaramin baki, da mai ɗige-ɗige.

Asali

Tun farko ba don koyar da sababbin shiga aka ƙirƙiro kujerar baya ba. Don tsoron maguɗi ne. Kafin ƙarshen shekarun 1960 gasannin kamun kifi a kudancin Amurka sun yi ƙaurin suna, domin mutum kan ɓoye kifin da ya kama tun jiya ya kawo shi sikeli, ba wanda ya gani balle ya musa. Ray Scott, wani dillalin inshora daga Montgomery ta jihar Alabama, shi ya nemi maganin abin. A watan Yunin 1967 ya shirya gasa a tafkin Beaver da ke jihar Arkansas, inda mutum 106 suka biya dala 100 kowanne. Stan Honeycutt ne ya zo na ɗaya, ya karɓi dala 2,000. Shekarar da ta biyo baya, 1968, Scott ya kafa ƙungiyar B.A.S.S., wadda har yau take cikin manyan masu shirya gasar.

Dabarar Scott ita ce kada aboki ya hau jirgi ɗaya da abokinsa. Kowace rana ana jefa ƙuri'a a haɗa mutum biyu da ba su san juna ba, kowa ya zama shaidar kowa. A wancan tsari babu na gaba babu na baya: dukansu kuɗi ɗaya suka biya, kyauta ɗaya suke nema, kuma kowanne na da haƙƙin rabin yini a gaban jirgi da kuma wuraren da ya zaɓa. Idan duka biyun sun zo da jirgi, aka kasa sasantawa kan wanda za a hau, sai a wurga kwabo. Wanda ya faɗi ya bar nasa a bakin ruwa.

Tsarin ya toshe ƙofar maguɗi, amma ya buɗe ta husuma. Da kyaututtuka suka girma, musamman bayan an soma gasar Bassmaster Classic a tafkin Mead na jihar Nevada a 1971, wadda Bobby Murray ya ci ya tafi da dala 10,000, sai aka samu mutanen da kamun bas ya zama hanyar abincinsu. Irin wannan mutum yakan shafe kwanaki yana neman inda kifi ya taru, ranar gasa kuma a tilasta masa kai abokin hamayyarsa wurin, ko ya bi shi rabin yini zuwa ruwan da ba komai. Jiragen ma sun yi tsada. Wajen ƙarshen shekarun 1980 manyan gasanni suka fara komawa ga tsarin ƙwararre a gaba, mai sha'awa a baya, kowane rukuni da kuɗin shigarsa da kyautarsa. Shaida tana nan yadda Scott ya so, hamayya a cikin jirgi ɗaya ta ragu. Daga nan ɗan baya ya samu matsayin da aka san shi da shi.

Bunƙasa da janyewa

Ƙungiyar Operation Bass, wadda Mike Whitaker ya kafa a jihar Kentucky a 1979, ta fi karkata ga ma'aikatan da ba su da sarari sai ranar Asabar. A 1996 attajiri Irwin Jacobs ya saye ta, daga baya ta koma FLW, sunan da aka ciro daga na Forrest L. Wood, wanda ya kafa kamfanin jiragen Ranger. Kuɗin tallafin kamfanin kantuna na Walmart ya shigo a 1997. Shekarun da suka biyo baya su ne lokacin da ɗan baya ya fi shanawa, don mutumin da ko ƙaramin kwale-kwale bai mallaka ba yana iya kwana uku tare da taurarin da yake gani a talabijin, ya kuma koma gida da dubban daloli.

Abin bai ɗore a saman tsani ba. Gasar Elite Series ta B.A.S.S. ta fara a 2006 da 'yan baya, amma daga 2009 aka maye gurbinsu da 'yan kallo masu sa ido, waɗanda ke zama a jirgi ba tare da jefa fatsa ba. Gasar FLW Tour ta bi sahu a kakar 2019, shekarar da ƙungiyar Major League Fishing ta sayi FLW. Masu goyon bayan canjin sun ce ba daidai ba ne sakamakon ƙwararre ya rataya a kan irin mutumin da ƙuri'a ta ba shi. Masu adawa sun ce an rufe makarantar da ta fi kowace arha. Yanzu a ƙananan matakai da matsakaita aka fi samun kujerar, kamar Bass Fishing League, Toyota Series, B.A.S.S. Nation da ƙungiyoyin gari.

Dokoki

Kowace ƙungiya da nata, amma ginshiƙan kusan ɗaya ne. Ɗan baya ba ya taka dandamalin gaba, ba ya kuma taɓa ƙaramin injin lantarkin da ake lallaɓa jirgi da shi, sai da larura. An haramta masa gaya wa mai jirgin gobe inda na yau ya kai shi, ko adana wurin a na'ura. Ba a amfani da koto mai rai. Rigar kariya daga nutsewa wajibi ce muddin babban inji na aiki.

Mai jirgi yakan kawo kifi biyar mafiya nauyi. Na baya a wasu gasannin biyar ne, a wasu uku. Tun 1972 B.A.S.S. ta fara matsa wa 'yan takara su kawo kifi da rai a mayar da shi ruwa, shi ya sa jirage ke da akwatin ruwa, kowa da ɓangarensa. Mataccen kifi yakan jawo ragin oza 4, wato giram 113, makara kuma laba 1 a kowane minti, in ta wuce minti 15 a soke kamun ranar. Ƙaramin tsawon da ake karɓa yakan fara daga inci 12. Abokan jirgi kan tabbatar wa juna kamun ranar, kuma ana iya sa wanda ya yi nasara a na'urar gwajin ƙarya.

Akwai gasannin da ake haɗa nauyin na gaba da na baya, irin U.S. Open ta ƙungiyar WON Bass a yammacin Amurka.

Ladubba

Abin da ba a rubuta ba ya fi wanda aka rubuta nauyi. Kuɗin shigar ɗan baya yakan kai rabin na mai jirgi ko ƙasa da haka, don haka al'ada ce ya miƙa kuɗin mai tun kafin a tambaye shi. Kaya kaɗan yake zuwa da su: sandunan fatsa biyar ko shida da jaka ɗaya da za ta shige ƙarƙashin ƙafa. Ba ya jifa ya tsallake layin mai jirgi, ba ya rigansa zuwa kututture ko ciyawar da aka nufa. Idan na gaba ya kamo babba, na baya ya ajiye sandarsa ya ɗauko koma, a inda doka ta yarda da ita. Shi ma mai jirgi ana sa ran ba zai karkata jirgin yadda baƙonsa zai yini yana jifa a ruwan banza ba. Yawancin ƙorafin 'yan baya a kan wannan yake.

Dabaru

Ruwan da wani ya riga ya tace shi ne rabon ɗan baya, saboda haka kwaikwayon na gaba ba ya cika yin amfani. Ƙwararrun 'yan baya sun fi dogara da siririn zare da tanar roba, a ja ta sannu a ƙasan ruwa, ko a jefa ta gefen zurfi da na gaba ya ba wa baya. Tun da na'urar hango kifi ta gaban jirgi ta yaɗu, bayan fitowar LiveScope ta kamfanin Garmin a 2018, mai jirgi kan yini a tsakiyar tafki yana bin kifi ɗaya ɗaya a allo, na baya kuwa ba ya ganin komai. Wasu gasannin sun taƙaita amfani da na'urar. Muhawara a kanta ba ta ƙare ba.

Waɗanda suka fara daga baya

Justin Lucas ya fara a matsayin ɗan baya a FLW, ya zama gwarzon shekara na Elite Series a 2018. Bryan New ya ci rukunin 'yan baya na Forrest Wood Cup, gasar zakarun FLW, a 2014, sannan ya lashe gasarsa ta farko a Elite Series a kogin St. Johns na jihar Florida a 2021.

A wasu ƙasashe

B.A.S.S. Nation na da rassa a Kanada, Meziko, Japan, Italiya, Afirka ta Kudu da Zimbabuwe, kuma a can ma ana raba 'yan takara gida biyu, masu jirgi da 'yan baya.