Waiwaye: Idan Asirin Fasto Ya Tonu, Ina Makomar Baftismar Da Ya Yi?

Shekaru kaɗan da suka wuce, a wata ikilisiya da nake zuwa, aka dakatar da fasto a kan kuɗin ginin majami'a. Bayan an tashi sujada wata dattijuwa daga zumuntar mata ta tare ɗaya daga cikin dattawa a bakin ƙofa, riƙe da katin baftismarta da ya sha ninki har ya soma yagewa. Ta ce, "Baba, ga sa hannunsa nan. Shi ya sa ni a ruwa, shi ya ɗaura wa 'yata aure. Yanzu a sake ne, ko yaya?" Dattijon ya ce mata, "Mama, mayar da katinki jaka, ba shi ya wanke ki ba." Ta tafi, amma da ganin fuskarta ka san amsar ba ta gama kwanta mata ba.

Wannan tambaya ta haura shekara 1,700 a duniya, kuma a nan Afirka aka fi gwabzawa a kanta, a ƙasashen da yau ake kira Tunisiya da Aljeriya.

A watan Fabrairu na shekarar 303, sarkin Roma Diyokiletiyan ya ba da doka a rushe majami'u, a ƙwace littattafai masu tsarki a ƙone. Akwai rahoton jami'an gwamnati na abin da ya faru a garin Sirta, wanda yanzu ake kira Kusantina a Aljeriya, ranar 19 ga Mayu na wannan shekara. Magajin gari ya shiga gidan da Kirista ke taruwa, ya tarar da bishop Bulus da ma'aikatansa, ya ce a fito da littattafai da duk abin da ke akwai. Bishop ya ce littattafan suna hannun masu karatu, amma abin da ke nan za su bayar. Magatakarda ya rubuta komai: ƙoƙon zinariya 2, na azurfa 6, fitilun azurfa 7, sai rigunan mata 82, na maza 16, takalman maza ƙafa 13, na mata 47. Wani ƙaramin ma'aikaci mai suna Silbanus ya leƙa bayan wata randa ya zaro fitilar azurfa da akwati ya miƙa, har aka ce masa da bai nemo su ba da ya mutu. Wasu biyu suka ba da babban littafi guda, amma da aka nemi su faɗi sunayen masu karatu sai suka ƙi, suka ce su ba maciya amana ba ne, a kashe su in an ga dama. A gidan wani mai karatu ba a same shi ba, matarsa ce ta fito da littattafai 6.

Abin da ke jan hankalina a wannan rahoto shi ne yadda jarumtaka da tsoro suka cakuɗe a ɗaki ɗaya, wani lokaci ma a jikin mutum ɗaya. A wani garin kuma, Abitina, an kama Kirista 49 suna sujada a shekarar 304, aka kai su Kartaj, babban birnin yankin a Tunisiya ta yanzu, suka ce ba za su iya rayuwa ba tare da jibin Ubangiji ba. A kan haka suka rasa rayukansu. Shi kuwa bishop na Kartaj, Mensuriyus, dabara ya yi: ya ɓoye littattafan gaskiya, ya bar wa jami'ai rubuce-rubucen 'yan bidi'a su kwashe. Wasu suka ce hikima ce. Wasu suka ce ƙarya ce aka yi mata kwalliya, domin jama'ar da ke kallo daga waje sun ga bishop ya miƙa littattafai.

Da tsananin ya lafa sai aka koma zaman lissafi. Wanda ya miƙa littafi aka laƙaba masa suna da Latin, "traditor", wato mai miƙawa, kalmar da ta koma nufin maci amana. Mutanen yankin kuwa dama suna da tsohon ra'ayi a kan irin wannan. Bishop Sipiriyan na Kartaj, wanda aka fille wa kai a 258, ya koyar da cewa wanda ba ya cikin ikilisiya ta gaskiya ba shi da abin da zai ba wani, saboda haka baftismarsa wanka ce kawai. Har sai da ya yi sa-in-sa da bishop Istifanus na Roma a kan haka. To in bishop ya miƙa Littafin Allah ga wuta, yana ciki ne ko ya fita?

Wajen 311 Mensuriyus ya rasu, aka yi sauri aka naɗa babban dikonsa Sisiliyan, ba a jira bishop-bishop na lardin Numidiya, a Aljeriya ta yanzu, sun iso ba. Sisiliyan ba shi da farin jini. Ana zarginsa da hana kai wa waɗanda aka tsare a kurkuku abinci, kuma ya taɓa tsawata wa wata attajira mai suna Lusila saboda takan sumbaci ƙashin wani shahidi kafin ta karɓi jibi. Mai kuɗi ba ta manta cin fuska. Da 'yan Numidiya su kusan 70 suka iso ƙarƙashin babban bishop ɗinsu Sekundus, suka ce ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗora wa Sisiliyan hannu, Filikus na Abtungi, mai miƙawa ne, don haka naɗin banza ne. Suka naɗa Majorinus, mutumin gidan Lusila. Bai daɗe ba ya mutu, Donatus ya gaje shi, ya riƙe ƙungiyar shekara kusan 40, kuma da sunansa aka san ta har yau.

A nan labarin ya yi ɗaci. Bincike a shekarar 315 ya wanke Filikus, bayan wani magatakarda ya amsa cewa shi ya yi ƙari a wasiƙar da aka kafa hujja da ita. Sannan a 320 wani dikon da ya yi faɗa da bishop ɗinsa ya je gaban gwamnan Numidiya ya kwance masa zani a kasuwa. Bishop ɗin kuwa ba kowa ba ne illa Silbanus, wancan mai zaro fitila daga bayan randa, wanda ya zama bishop na Sirta kuma yana cikin waɗanda suka naɗa Majorinus. A wannan shari'a aka karanta rahoton 303, shi ya sa ya iso gare mu. Akwai kuma wata takarda ta taron Sirta da aka naɗa Silbanus, wadda abokan gaban 'yan Donatus suka adana, su kuma 'yan Donatus suka ce ƙirƙira ce. A cikinta Sekundus yana tambayar bishop-bishop ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce littattafan magani ya miƙa, wancan ya ce Linjilar da ya jefa a wuta ta riga ta goge. Da aka zo kan Furfuriyus, wanda ake zargi da kashe 'ya'yan 'yar'uwarsa, sai ya juya ya tambayi Sekundus yadda shi ya kuɓuta daga hannun jami'ai in bai ba su komai ba. Nan take aka yanke shawarar a bar wa Allah hukunci, kowa ya zauna.

Duk da haka kuskure ne a ɗauki 'yan Donatus a matsayin taron munafukai. Talakawan ƙauyukan Numidiya da suka bi su sun ga iyayensu sun mutu a kan Littafi, sun kuma ga waɗanda suka tsere sun dawo suna zaune a kujerar gaba. Ikilisiya a wurinsu amaryar Almasihu ce marar aibi, kuma ba a wanke tufa da ruwan kwata. Suna sake yi wa duk wanda ya zo daga ɗaya ɓangaren baftisma. Kirarinsu "Yabo ga Allah", na Katolika, wato ɓangaren Sisiliyan, "Godiya ga Allah", har a kan duwatsu an sassaƙa. 'Yan Donatus ne suka fara kai ƙara gaban sarki Konstantin a 313, aka yanke musu rashin gaskiya a Roma, aka sake a Arles a 314, shi kansa sarki ya tabbatar a 316. A 347, da wakilan sarki suka zo masa, gab da hukuma ta juyo kansu da sojoji, sai Donatus ya yi tambayarsa da ta shahara: me ya haɗa sarki da ikilisiya? Aka kore shi daga ƙasar, ya mutu a can. Lokacin da sarki Juliyan ya bar su suka dawo wajen 362, majami'un da suka karɓe sai da suka wanke bangonsu, suka kankare bagadai.

Haka Agustin ya tarar da al'amura da ya zama bishop ɗin Katolika na Hippo, Annaba ta yanzu, wajen 395. A garin, 'yan Donatus ne suka fi yawa, har an taɓa hana masu gashin burodi yi wa Katolika burodi. Babban abokin muhawararsa, Fetiliyan, bishop ɗin 'yan Donatus na Sirta, ya ce lamirin mai bayarwa ake dubawa, domin shi ke wanke lamirin mai karɓa. Agustin ya yi masa tambaya guda wadda a ganina ita ce gaɓar zancen: to in lamirin mai bayarwa ɓoyayye ne fa? Ga limami mazinaci ko ɓarawo wanda ba wanda ya sani, ya yi wa ɗaruruwan mutane baftisma, ya mutu da asirinsa a rufe. Su waɗannan mutanen sun tsira ko sun halaka? In ka ce sun halaka, babu Kirista ɗaya a duniya da zai kwana da tabbaci, tunda ba mai iya leƙa zuciyar wani. In ka ce sun tsira, ka yarda ke nan ba tsarkin limami ne ya yi aikin ba. Ya ce ko Bitrus ne ya yi baftisma, ko Bulus, ko Yahuza ma, Almasihu ne mai yi. Ya kwatanta mugun limami da magudanar dutse: ruwa na bi ta cikinta ya shayar da lambu, ita ba ta tsiro da komai. Ya kuma jawo misalin alkama da zawan na Matiyu sura 13, inda mai gona ya ce a bar su su girma tare sai ranar girbi. Sannan ya tuna musu da abin da suka yi da kansu: da ƙungiyarsu ta dare a 393 da 394, daga baya sun karɓi wasu bishop-bishop da suka ɓalle ba tare da sun sake yi wa mabiyansu baftisma ba.

A watan Yuni na 411 aka yi babban zama a Kartaj, a wani katafaren gidan wanka na jama'a, ƙarƙashin wakilin sarki Marselinus. Katolika sun kawo sunayen bishop 286, 'yan Donatus kusan haka. Da aka ce a zauna, 'yan Donatus suka ƙi, suka kafa hujja da Zabura 26 cewa ba za su zauna tare da mugaye ba, har shi alƙalin ya tsaya a tsaye. Hukunci ya ba Katolika gaskiya, a 412 doka ta fito da tara da ƙwace majami'u da korar limamai.

Agustin ya ci muhawara, amma ya ɓata rawarsa da tsalle. Shi da ya ce da farko ba a kawo mutum ga bangaskiya da ƙarfi, ya dawo yana kafa hujja da Luka 14:23, inda maigida ya ce a tilasta wa mutane su shigo. Rigimar da ta soma a kan sahihancin zuciya ta ƙare da cika majami'u da mutanen da tsoron tara ya kawo. Shi kansa ya san ana yi masa wannan gorin, ya amsa da cewa da yawa sun shigo da tilas daga baya suka gode. Wannan ayar ta ci gaba da yi wa masu tsananta wa mutane aiki ɗaruruwan shekaru a Turai. Kuma tilas ɗin bai kashe ƙungiyar ba: wasiƙun Paparoma Giregori a shekarun 590 suna ta kukan 'yan Donatus a Numidiya.

Tambayar takan taso duk lokacin da limamai suka lalace. Ta taso a zamanin Wikilif a Ingila da Yan Hus a Bohemiya, wanda aka ƙone a 1415. Da aka zo gyaran ikilisiya, abin mamaki, waɗanda suka fi kowa sukar lalacewar limamai ba su bi Donatus ba. Shaidar bangaskiya ta Augsburg ta 1530, wadda Lutheran ke riƙe da ita, har da na Numan, ta ambaci 'yan Donatus da suna a sashe na 8 ta ƙi ra'ayinsu. Majalisar Trent ta Katolika ta faɗi daidai da haka a 1547. Anglikan kuma suna da shi a sashe na 26 cikin sassa 39 na bangaskiyarsu: rashin cancantar ma'aikaci ba ya hana sakramenti, wato baftisma da jibi, aiki. Amsar da dattijon nan ya ba dattijuwar a bakin ƙofa, ko ya sani ko bai sani ba, ta wannan hanya ta biyo.

Sai dai sashe na 26 ɗin bai tsaya nan ba. Yana da sakin layi na biyu, wanda ya ce wajibi ne a binciki miyagun ma'aikata, waɗanda suka san laifinsu su kawo ƙara, in an same su da laifi a tuɓe su. Wannan rabin ne ba a cika jin sa a kan bagadi ba. An fi jin "kada ku taɓa shafaffe na", da "a bar wa Allah hukunci", wadda ita ce kalmar da aka rufe taron Sirta da ita ranar da kowa ya gane ɗan'uwansa na riƙe da asirinsa. Koyarwar da aka gina don ta kwantar da hankalin mai karɓar baftisma sai ta koma bargon da mai bayarwa ke lulluɓa da shi.

A ikilisiyar tamu, ba a sake wa kowa baftisma ba, auren 'yar dattijuwar kuma yana nan da 'ya'ya uku. Faston, bayan wata shida, aka mayar da shi wata gunduma. Kwamitin da aka kafa don ya duba littafin kuɗin gini ya zauna sau biyu, kuma tubalin da aka saya tun farko yana nan jibge a bayan majami'a, ciyawa ta rufe rabinsa.