Abin da Doka Ta Tanada Kafin a Cike Fadamar Bakin Teku a Legas

Duk wanda ya bi hanyar Lekki zuwa Epe ya ga tifa na juye yashi a wurin da bara ruwa ne kwance. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Agege, Obalende da Idi-Araba suna kallon irin wannan wuri a matsayin taɓo mara amfani, alhali doka ba haka take kallonsa ba.

Dokar ita ce ta tantance illar ayyuka ga muhalli, wadda aka fi sani da EIA, da gwamnatin soja ta kafa a 1992 a matsayin doka mai lamba 86, kuma har yau tana aiki. Jigonta shi ne, babu wanda zai fara babban aiki, gwamnati ce ko kamfani, sai an fara binciko ɓarnar da zai iya jawo wa ƙasa da ruwa da halittun da ke rayuwa a wurin, an kuma miƙa rahoto ga Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. Cikin ayyukan da ta wajabta wa wannan bincike akwai cike bakin teku mai faɗin hekta 50 ko fiye, da sare dajin mangurob (bishiyar da ke tsirowa a fadamar bakin teku) mai wannan faɗi domin gina gidaje, masana'antu ko noma. Hekta 50 ta kai kusan filin ƙwallo 70. Dokar ta kuma ba jama'a damar duba rahoton su faɗi ra'ayinsu kafin a yanke hukunci, haƙƙin da masunta da mazauna yankin ba kasafai suke sanin suna da shi ba.

Wanda ya taɓa tsayawa a irin wannan fadama da sassafe, lokacin da ruwan teku ya janye, zai fahimci dalilin dokar. Bishiyar mangurob tana tsaye a kan saiwoyi da suka fito sarari tamkar ƙafafu, domin tana rayuwa ne a ruwan da gishiri ya gauraya da shi, inda yawancin itatuwa ba za su kai labari ba. A tsakanin saiwoyin ƙaguwa ke haƙa ramuka, ƙananan kifaye ke fakewa har su yi ƙwari, zalɓe kuwa yana gefe ya kafe kamar an dasa shi, yana jiran abin da ruwa zai bari a baya. Can ciki, inda gishiri ya ragu, tukurwa ke karɓar wurin. Idan hunturu ya kama a Turai, tsuntsaye sukan ƙetaro hamadar Sahara su sauka a gaɓar nan, kamar yadda wasu ke sauka a dausayin Haɗeja da Nguru, wanda mutanen Arewa suka fi sani. Ita wannan fadama ce kuma ke shanye ruwan damina, shi ya sa unguwannin da aka gina a kanta suke fama da ambaliya kowace shekara.

Cibiyar kare halittu ta Lekki, wadda gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, ta kafa a 1990 a kan hekta 78, ita ce shaidar yadda yankin yake kafin gine-gine su kewaye shi.

A ganina raunin dokar biyu ne, kuma duk suna damuna. Na farko, tarar da ta tanada, naira 100,000 ko ɗaurin shekara biyar ga mutum ɗaya, da abin da bai wuce naira miliyan ɗaya ba ga kamfani, ta yi kaɗan a garin da fuloti guda ya ninka wannan kuɗi sau da yawa. Na biyu, fadama ba ta cika ƙarewa a karo ɗaya ba, ana cinye ta ne fuloti bayan fuloti, kowanne bai kai hekta 50 ba, har a wayi gari babu sauran inda zalɓe zai tsaya.

Wannan ba ya nufin mai ƙaramin fili ya tsira. Hukumar NESREA, mai tabbatar da bin dokokin muhalli na tarayya, tana da ƙa'idojin 2009 da suka shafi dausayi da gaɓar koguna da tafkuna, gwamnatin jihar Legas ma takan rufe gine-ginen da aka yi a fadama ba tare da izini ba. Saboda haka, Alhajin da aka kai wa tallan fili mai araha a Ajah ko Badore, ya fara tambayar ko wurin fadama ne, ya nemi ganin izinin cike shi daga Ma'aikatar Muhalli, kafin ya biya ko da kuɗin kafin alƙalami.