Saran Turanci: daga bakin samari zuwa cikin ƙamus

*Su wa ke ƙirƙiro kalmomin nan da ke ruɗa mutane a waya?*

Galibi samari da 'yan mata ne, a TikTok da dandalin wasannin kwamfuta. Ga "rizz", wato iya shawo kan wanda kake so da daɗin baki. Kai Cenat, wani matashi ɗan New York, shi ya yayata ta a shirinsa na kai-tsaye a dandalin intanet na Twitch, ana kuma ganin daga tsakiyar kalmar "charisma", wato kwarjini, aka yanko ta. A 2023 masu ƙamus ɗin Oxford suka naɗa ta kalmar shekara. Da ma haka sara yake, da zarar ya kai bakin iyaye, masu shi sun yar sun nemi wani.

*Duk sababbi ne fil?*

Ina! "Brain rot", wato ruɓewar ƙwaƙwalwa saboda yawan kallon shirme a intanet, ita ce kalmar shekarar 2024. Amma tun 1854 marubucin Amurka Henry David Thoreau ya yi amfani da ita a littafinsa Walden, yana kukan mutane sun fi son tunani mai arha.

*Shiga ƙamus na nufin kalma ta zama Turanci mai kyau?*

Nan ne da yawa ke kuskure. Masu ƙamus ba alƙalai ba ne, marubutan rajista ne. Suna bin jaridu, littattafai da intanet, in suka ga kalma ta yaɗu ta kuma daɗe, sai su rubuta ta. A 2025 masu ƙamus ɗin Cambridge sun saka "skibidi", wadda take iya nufin abu mai kyau, ko marar kyau, ko ma ba komai. A ganina garaje aka yi a wannan. Ko ma dai yaya, kada ɗalibi ya kai ta takardar jarrabawa.

*Namu fa, sun samu shiga?*

Ƙwarai. A Janairun 2020 babban ƙamus ɗin Oxford ya karɓi kalmomin Najeriya 29, ciki har da Kannywood, okada (acaɓa) da danfo (motar bas ta haya a Legas). Har "next tomorrow", wato jibi, wadda malaman Turanci suka daɗe suna ja wa jan biro. Daga baya "japa", wato barin ƙasa don neman rayuwa a waje, ta bi sahu, tare da suya, wadda daga Hausa ta tafi.